Sheƙin Fata Daga Ciki Yake Tasowa: Nazari Kan Zagayawar Jini da Gudanar Ruwan Limfa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dangantakar lafiyar fatar ɗan Adam da ruwaye biyu da ke gudana a ƙarƙashinta, wato jini da ruwan limfa. Ta bayyana yadda kowannensu yake aiki, ta duba abin da ke faruwa idan ɗaya ya tsaya, sannan ta auna alkawuran kasuwar gyaran jiki da abin da bincike ya tabbatar. Matsayin maƙalar shi ne sheƙi daban, haske daban, kuma rikita su da aka yi ya sa mutanenmu suna kallon alamar ciwo su ɗauke ta alamar jin daɗi.

1.0 Gabatarwa



Idan Bahaushe zai yabi fatar mutum, cewa yake yi ta yi sheƙi, ta yi sumul, ta yi luwai-luwai, ko jikin wane ya murje. Ku lura, a cikin waɗannan kalmomi babu wadda ta ambaci launi. Baƙi yana sheƙi, wankan tarwaɗa yana sheƙi. Idan kuwa aka ce mutum ya ɗashe, ko ya koɗe, ko ya yi fari fat, to jaje ake yi masa, kuma abin da ke biyo baya a bakin tsofaffi shi ne: “Wannan yaro ba shi da jini.” Ashe tun kafin a kawo na'urar auna jini, iyayenmu sun riga sun ɗaura kyan fata a kan abin da ke gudana a cikinta. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji su.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu tambaya ce da wata ɗaliba ta yi mini a aji, inda nake koyar da yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. Ta ce ana tallar wata irin tausa da aka ce tana wanke guba daga fuska ta hanyar limfa, ƙawayenta har sun fara biyan kuɗi, shin gaskiya ne? Na amsa mata a taƙaice a ranar, amma amsar ba ta gamsar da ni ba, domin a cikin tallar akwai gaskiya kaɗan da aka lulluɓe da ƙari mai yawa. Wannan maƙala ita ce cikakkiyar amsar.

2.0 Fata da abin da ke ƙarƙashinta

Fatar baligi ta kai faɗin murabba'in mita 1.5 zuwa 2. Hawa biyu ne manya a cikinta. Na sama, wanda ido ke gani, siriri ne ƙwarai, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Shi ya sa mutum zai kuje sama-sama, fata ta saɓule, jini bai fito ba. Na ƙasa shi ne mai kauri, mai zaren kolajin, inda jijiyoyin jini, magudanan limfa, saiwar gashi da matsattsarar zufa suke. Majema sun fi kowa sanin wannan hawa, domin shi ne abin da ke saura a hannunsu ya zama ƙirgi bayan sun kankare gashi da saman fata.

Tunda hawan sama ba shi da jini, abincinsa daga ƙasa yake tsatsowa. Ƙwayoyin halittar da ke gindinsa suna hayayyafa, suna turo na gabansu sama, har su bushe su kaɗe, kuma wannan tafiya takan ɗauki wata guda ko fiye. Ke nan fatar da muke gani yau, girkin watan jiya ce. Amaryar da aka fara yi wa gyaran jiki saura mako guda biki, saman abin da aka riga aka gina ake gogewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3.0 Jini: mai kawo kaya

Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya. William Harvey na Ingila ya nuna cikakken zagayen a 1628. Wannan sananne ne, ba sai na tsaya a kansa ba.

Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne yawan jinin da fata ke karɓa ba tsayayye ba ne. Mutum yana zaune cikin yanayi madaidaici, kimanin mililita 250 ne ke bi ta fatarsa a minti guda. Idan zafi ya tsananta ƙwarai, adadin yana iya haurawa lita 7 zuwa 8 a minti. Dalili kuwa, fata ce hanyar da jiki ke zubar da zafi. A watan Afrilu jijiyoyinta a buɗe suke. Da hunturu ya kama sai su tsuke don adana ɗumi, busasshiyar iska kuma ta kwashe damshin sama, nan da nan sai kaushi da faso su bayyana, leɓe ya tsage, jiki ya yi furu-furu. Sinadarin nikotin da ke cikin taba da shisha ma tsuke waɗannan jijiyoyi yake yi, kuma yana daga cikin dalilan da rauni ke jinkirin warkewa a jikin mashaya.

Sai dai a ƙasarmu, babbar matsalar ba buɗewa ko tsukewar jijiya ba ce, jinin ne kansa bai isa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa-kusa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, duk sun haɗu a nan. A baƙar fata ɗashewa ba ta saurin bayyana a kumatu, sai an ɗaga fatar ido ta ƙasa, an duba tafin hannu da harshe. Na sha ganin budurwa ana taya ta murna wai ta yi haske, da aka auna jininta sai ga shi ya yi ƙasa sosai. Zogale, alayyafo, wake, hanta da maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo sun fi kowane man shafawa amfani ga irin wannan fata.

Masu sikila kuwa su ne shaidar abin da toshewar siraran jijiyoyi ke yi wa fata. Gyambon da ke fito musu a kusa da idon sawu, inda jini dama bai wadata ba, yakan yi watanni ko shekaru bai rufe ba.

4.0 Limfa: mai kwashe saura

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi jahilta, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Kowa ya taɓa ganin ruwan limfa ko ɗan'uwansa na kusa. Wanda ya yi noma da sabuwar fartanya hannunsa ya yi bororo, ruwan nan garai-garai mai ɗan rawaya da ke ciki, irinsa ne. Kowa kuma ya san kaluluwa: ƙurji ya fito a yatsan ƙafa, sai ga wani kulluttu mai zafi a matsematsi. Hausa ta daɗe da sunan tashar, hanyar ce ba ta raɗa wa suna ba.

A Turai ma an daɗe ba a gan ta ba. A 1622 Gaspare Aselli, a birnin Milan na Italiya, ya buɗe cikin kare da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga wasu fararen zare a jikin hanji. Da ya yanka ɗaya sai wani ruwa kamar madara ya fito. A 1651 Jean Pecquet na Faransa ya bi sawun wannan ruwa har babbar magudanar da ke haurawa ta ƙirji ta juye cikin jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Cikin shekaru biyu da suka biyo baya, Thomas Bartholin na Denmak da Olaus Rudbeck na Suwidin, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa magudanan sun game jiki.

Me ya sa jiki ke buƙatar hanya ta biyu? Siraran jijiyoyin jini ba a toshe suke ruf ba, suna tsatsar da ruwa da furotin zuwa tsakanin ƙwayoyin halitta, ta haka abinci ke isa. Ernest Starling ya bayyana ƙa'idar wannan tsatsa a 1896, kuma tsawon ƙarni guda ana koyar da cewa mafi yawan ruwan yana komawa cikin jijiyoyin da ya fito. A 2010 masu bincike Levick da Michel suka tattara hujjojin da suka gyara wannan fahimta: a yawancin sassan jiki, har da fata, ruwan da ya fita ba ya komawa ta inda ya fito, limfa ce ke kwashe shi. Sun ƙiyasta kimanin lita 8 a rana, alhali duk ruwan da ke cikin jinin mutum bai wuce lita 3 ba. Kusan rabi yana komawa jini a cikin kaluluwa, saura ya bi babbar magudana. Manomin rani a Kadawa ya san wannan lissafi: buɗe ruwa ya shiga gona rabin aiki ne, idan babu inda zai fita, ƙasa ta jiƙe ta yi tsami, shuka ta yi rawaya tana tsaye cikin ruwa.

Limfa ba ta da zuciya mai tura ta. Magudananta suna da 'yan ƙyamare da ke buɗewa gaba kawai, kuma kowane gaɓi da ke tsakanin ƙyaure da ƙyaure yana matsewa da kansa sau da dama a minti. Abin da ke taimaka masa shi ne motsin tsoka, musamman ta sha-raɓa, da numfashi, da bugun jijiyar jini da ke maƙwabtaka. Wannan ne dalilin da fasinjan da ya zauna a mota daga Legas zuwa Kano yake sauka takalmi ya matse shi, da kuma dalilin da fuska ke ɗan tasawa da asuba ta saɓe kafin hantsi. Matar da ke daka, da mai tafiya kasuwa a ƙasa, da mai ruku'u da sujada, duk suna tura wannan ruwa ba tare da sun sani ba.

Aikin limfa na biyu tsaro ne. A hawan sama na fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da Paul Langerhans ya gano a 1868 yana ɗalibin likita a Balin. Su ne 'yan sintiri: idan baƙon abu ya shigo, sukan ɗauki samfurinsa su bi magudanar limfa zuwa kaluluwa mafi kusa, a can a shirya martani. Jiki yana da ɗaruruwan irin waɗannan tashoshi, sun fi taruwa a wuya, hammata da matsematsi. Kumburin kaluluwa, a mafi yawan lokuta, alama ce ta ana wannan aiki.

5.0 Darasi daga tundurmi

Wanda ke son sanin abin da limfa ke yi wa fata, ya dubi ƙafar da limfarta ta tsaya. Tundurmi tsutsa ce siririya ke jawo shi, wadda sauro ke ɗauka daga mutum zuwa mutum, kamar yadda Patrick Manson ya fara nunawa a ƙasar Sin a 1877. Tsutsar tana zama cikin magudanan limfa shekaru, ta buɗa su har ƙyamaren su daina rufuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar a 2000, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 120 na ɗauke da ita, miliyan 40 daga ciki ta riga ta nakasa su da kumburin gaɓa ko gwaiwa. A 2017 aka bayyana cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da ita, bayan shekaru ana raba maganin ivermectin da albendazole gida-gida da gidan sauro, tare da tallafin Cibiyar Carter. A tsaunukan Habasha da arewa maso yammacin Kamaru akwai wani kumburin mai kama da wannan wanda ba tsutsa ke kawo shi ba, jar ƙasa ce mai asali da dutse mai aman wuta ke shiga ƙafar manomi marar takalmi ta toshe magudanan.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo manomi ana wanke masa irin wannan ƙafa a wani ƙaramin asibiti. Daga gwiwa zuwa ƙasa ta yi biyun ɗayar. Idan aka danna da yatsa ba ta lotsawa, domin furotin ɗin da ya daɗe kwance ya sa nama ya yi tauri. Fatar ta yi kauri ta naɗe hawa-hawa, saman yatsun ya yi gudaje-gudaje, tsakaninsu kuma fari ne jiƙe da cin ruwa. Ya ce abin da ya fi damunsa ba nauyin ba ne, zazzaɓin da ke kayar da shi ne lokaci zuwa lokaci, ƙafar ta yi zafi ta ƙara hawa, in ta sauka ba ta komawa inda take. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauki sabulu da ruwa mai tsabta ta bi kowane lungu, ta tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai laushi ɗaya bayan ɗaya, ta shafa magani a inda ya tsage, ta ce: “Baba, kullum haka za ka riƙa yi, safe da dare, in za ka kwanta kuma ka ɗora ta a kan matashi.”

Abin da ta yi yana da tushe a bincike. Aikin Gerusa Dreyer a birnin Resife na Brazil ya nuna cewa abin da ke mayar da kumburi tundurmi shi ne ƙwayoyin bakteriya da ke shiga ta tsagar fata, tunda masu tsaron wurin sun rasa hanya. Kowane zazzaɓi yana ƙara lalata magudanan da suka rage. Wanki, tsanewa, motsa ƙafa, ɗaga ta da sa takalmi suna rage waɗannan hare-hare ƙwarai. A nan ake ganin dangantakar ta kowane ɓangare: limfa tana kare fata, fata marar tsaga kuma tana kare limfa. Saboda haka ni ban ɗauki faso ƙaramin abu ba, musamman ga mai ciwon suga. Man kaɗen da ake shafa wa dunduniya da hunturu rufe ƙofa ne.

6.0 Kasuwar gyaran jiki a ma'auni

Yanzu sai tambayar ɗalibata. Tausar limfa ba ƙirƙirar 'yan talla ba ce. Emil Vodder, mutumin Denmak, shi ya tsara ta, ya gabatar da ita a Faris a 1936. Shafa ce mai sauƙi ƙwarai, ana jan fata a hankali zuwa inda kaluluwa take, domin magudanan farko dab da sama suke, dannawa da ƙarfi rufe su yake yi. Asibitoci suna amfani da ita ga masu kumburin limfa, misali matan da aka cire wa kaluluwar hammata saboda sankarar mama, waɗanda kusan ɗaya cikin biyar hannunsu ke kumbura daga baya. Ko a nan ma, naɗi da safa mai matsewa su ne ginshiƙin magani, tausa mataimakiya ce.

Ga mai lafiya fa? Wani bincike da aka buga daga Japan a 2018 ya nuna mirgina abin tausa a kumatu na minti 5 yana ƙara gudun jini a wurin na aƙalla minti 10. Tasawar fuska ta safe ma tana saurin saɓewa da tausa. Wannan gaskiya ne, amma na ɗan lokaci ne. Batun fitar da guba kuwa ba shi da madogara: duk abin da limfa ta kwasa cikin jini take juye shi, hanta da ƙoda su ne masu tacewa. Haka nake kallon dilka da kurkur. Suna kankare matattun ƙwayoyin sama, su sa fata ta yi santsi ta mayar da haske daidai, murzawar kuma ta jawo jini. Ba na ƙin su, al'ada ce mai kyau muddin ba a cuɗa su da abin da zan ambata yanzu ba.

Man bilicin, musamman mai ɗauke da sinadarin sitiroyid irin su clobetasol, shi ne babban abokin gabar duk abin da na bayyana. Farkon aikinsa tsuke jijiyoyin fata ne, har ma da wannan ɗashewar ake auna ƙarfin irin waɗannan magunguna tun 1962. Wato wani ɓangare na hasken da mai shafawa ke murna da shi a makon farko, janyewar jini ne. Idan aka daɗe, kolajin ya ragu, fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore da ja-ja, nankarwa ta tsage cinya da damtse, masu tsaron fata su yi rauni, makero da ƙuraje su samu wuri. Likitocin tiyata suna kokawa da irin wannan fata domin ba ta riƙe ɗinki da kyau. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake shafa wa jarirai da yara, waɗanda fatarsu ta fi saurin tsotse magani zuwa cikin jini.

7.0 Kumburin da ake ɗauka ƙiba

Cikar fuska ba kullum ba ce hutu. Cicely Williams, a Gana ta lokacin mulkin mallaka, ta bayyana kwashiyoko a 1933: yaro kumatu cike, ƙafafu a kumbure, fata tana saɓulewa, alhali yunwar furotin ce ke cinsa. Kumburin ido da safe wanda ya ƙi saɓewa yana iya zama ciwon ƙoda. Ga mai juna biyu, kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai alama ce ta hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Mai jego tana da nata haɗarin. A shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry sun yi nazarin ciwon zuciyar bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawansa da wankan ruwan zafi, kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa: zafi yana buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki, gishirin kanwa kuma ya tara ruwa a jiki. Wani bincike na daga baya da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da talauci da ƙarancin sinadarin seleniyom. Ko ma wanne ya fi rinjaye, mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki in ta kwanta, asibiti take buƙata a ranar. Tausa a irin wannan hali, ko a ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta, ko a wurin da ya yi ja yana zafi, tana iya ƙara ɓarna.

Wannan ya kawo ni ga shawarar da nake son a tattauna. Masu gyaran jiki, ungozoma da wanzamai suna ganin fatar mutane tsirara fiye da yadda likita ke gani, kuma suna ganin ta tun da wuri. Mai yi wa mace dilka ita ce za ta fara lura da fatar mama da ta yi rami-rami kamar ɓawon lemo, wadda ke nuna ƙwayoyin sankara sun toshe magudanan limfar wurin. Ita ce za ta ji kaluluwar hammata mai tauri, marar zafi, wadda ta yi makonni ba ta saɓe ba. Wanzami mai aski da ƙaho shi zai fara taɓa kulluttun wuya da ke iya zama tarin fuka. Ina ganin makarantun koyon aikin jinya da sassan nazarin Hausa za su iya haɗa hannu su tsara ɗan littafi mai hotuna a kan baƙar fata, da boko da ajami, a koyar da shi a taron yini guda a unguwanni: yadda ake ɗaga fatar ido a duba jini, yadda ake danna ƙauri da babban yatsa na daƙiƙa kaɗan a ga ko ya lotsa, da alamomin da in an gan su za a ajiye kwanon dilka a ce, “Hajiya, mu fara zuwa asibiti tukuna.”